Tambayi Likita: Idan Ɗanka Ya Ce "Gara Mutuwa"

Duk shekara idan 10 ga Satumba ta zagayo, ranar da duniya ta keɓe tun 2003 don rigakafin kashe kai, tambayoyin da ke shigowa wannan fili sukan karkata wajen. Na ɓoye sunaye kamar yadda masu tambayoyin suka roƙa. Ta farko ba ta jira, da ita zan fara.

Likita, bashi ya yi min katutu, jarina ya karye, ina jin kunyar haɗa ido da iyalina. Kwanan nan zuciyata na raya min in huta da duniyar kawai. Ban gaya wa kowa ba. (Wani magidanci, Bauchi)

Ɗan'uwa, ka yi daidai da ka faɗa, kuma na ɗauki maganarka da gaske. Yau ɗin nan, kafin ka kwanta, ka nemi mutum ɗaya da ka yarda da shi, yayanka ne, mai ɗakinka ce, limaminku ne ko amininka, ka gaya masa abin da ka rubuto min ba tare da ka rage komai ba. Kada ka kwana kai kaɗai. Duk abin da ke gidan wanda zuciyarka ta taɓa kai ka gare shi, ka miƙa wa wannan mutumin ya fitar da shi. Gobe da safe ku tafi tare sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Idan tunanin ya matsa maka cikin dare kada ku jira gari ya waye, sashen gaggawa a buɗe yake dare da rana.

Wannan tunani yakan taso ya yi ƙarfi, sannan ya lafa, sau da yawa cikin mintuna ko 'yan sa'o'i. Abin da ake buƙata shi ne wannan lokaci ya wuce kana tare da wani. A 'yan kwanakin nan kada ka kusanci taramol, wiwi ko wani abin maye, domin su ne ke cire wa mutum birki. Shi kuma bashi ana zama a kansa. Ka sami dattijo ya raka ka wurin masu bin ka, a rubuta abin da za ka iya biya duk wata. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce wanda ke cikin ƙunci a jinkirta masa har ya samu sauƙi. Amma asibiti tukuna.

Kakana ya kashe kansa. Gaskiya ne ana gadon abin? (Wata ɗaliba, Gadau)

Ba a gadon aikin, 'yata. Abin da ake iya gado shi ne saurin kamuwa da ciwon damuwa, yadda hawan jini ke bin wasu gidaje. Idan kin ga alamunsa a kanki ki je asibiti da wuri, kuma kada wani ya fasa auren 'yar gidanku saboda wannan.

Likita, ɗana mai shekara 23 ya gama karatu, ya yi bautar ƙasa, har yau ba aiki. Wata uku ke nan ya daina fita majalisa, ba ya cin abin kirki, yana kwana ido biyu. Sau biyu na ji ya ce gara mutuwa da wannan rayuwa. Mahaifinsa ya ce rashin tawakkali ne, kuma kada in tambaye shi don kada in sa masa abin a rai. Maƙwabciyata ta ce aljanu ne, a kai shi a ɗaure a yi masa hayaƙi. (Wata uwa, Misau)

Hajiya, wannan tambaya ta dame ni ƙwarai, domin shawarwari biyun da aka ba ki kowacce na iya jawo ki rasa yaron nan.

Abin da kika lissafa alamun ciwon damuwa ne. Muna kiransa ciwo idan mutum ya yi mako biyu ko fiye yana cikin ƙunci kusan kullum, ko abubuwan da yake jin daɗinsu a da sun fita ransa, sannan ga rikicewar barci, raguwar ci, kasala, rashin tara hankali wuri ɗaya, ganin kansa ba shi da amfani, da yawan tunanin mutuwa. A wurinmu da yawa ba sa cewa "ina cikin damuwa". Sai su ce kai na zafi, ƙirji na bugawa, wani abu na yawo a jiki, a yi ta ba su maganin taifot da maleriya a kemis wata da watanni. Ɗanki ya yi wata uku, kuma ya ambaci mutuwa da bakinsa. Wannan ya isa a kai shi asibiti ko da babu wata alama bayan haka.

Maganar cewa tambaya na sa wa mutum abin a rai ba gaskiya ba ce. An bincika wannan sau da yawa, ba a samu cewa tambaya na ƙara haɗari ba. Abin da aka fi gani shi ne mutum ya samu sassauci, saboda a ƙarshe wani ya lura da shi. Haka nan zancen "mai faɗa ba ya aikatawa". Da yawa daga waɗanda suka hallaka kansu sun faɗa tukuna, ko kai tsaye ko a kaikaice, aka ɗauka wasa ne ko neman a kula su.

Ki nemi lokacin da ba kowa, misali bayan isha'i. Ki zauna kusa da shi, kada ki tsaya a kansa. Ki ce: "Na ga ka canza, ba ka ci, ba ka barci. Na ji ka ce gara mutuwa. Kana tunanin kashe kanka ne?" Ki faɗi kalmar yadda take. Idan kika ce "ba dai wani mugun abu kake tunani ba ko?" kin riga kin nuna masa amsar da kike so, zai ce a'a ya rufe zancen. Idan ɗan fari ne kuma alkunya ba za ta bar ki ba, ki sa kawunsa ko gwaggonsa ko yayan da yake jin maganarsa, amma a yi cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a bar shi sai an haɗu a wani biki.

Idan ya ce e, akwai tambayoyi uku da ke biyo baya: ya tsara yadda zai yi? Ya tanadi wani abu? Ya taɓa gwadawa? Ko ɗaya ya amsa da e, a ranar za a tafi asibiti, kuma ba za a bar shi shi kaɗai ba ko da na zuwa masallaci ne. Wanda ya taɓa gwadawa ya fi kowa zama cikin haɗari. Sannan ki saurare shi. Kada a ce masa "ci ka ƙoshi ne ke damunka", ko "wane ya fi ka shiga uku", kada a tsorata shi da wuta, kada a sa shi rantsuwa. Duk waɗannan rufe masa baki kawai suke yi. Idan ya ce ki riƙe masa sirri, ki gaya masa gaskiya: ba za ki baza shi a dangi ba, amma dole mahaifinsa da likita su sani.

Ki sa ido kan wasu abubuwa. Ya fara rarraba kayansa, ya bi mutane yana neman gafara ba gaira ba dalili, ya biya ƙananan basussukan da ake bin sa, ko kuma bayan dogon ƙunci ki ga ya natsu kwatsam yana fara'a. Wannan ta ƙarshe takan ruɗi iyaye su ce alhamdu lillahi ya warware, alhali wani lokaci alama ce ta cewa ya gama yanke shawara.

Ga Alhaji kuwa, ki kai masa wannan cikin ladabi. Babu mai jayayya cewa kashe kai haramun ne. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana, kuma ta rufe da cewa Allah Mai jin ƙai ne a gare mu. Amma sanin haramci ba ya warkar da ciwo. Ciwon damuwa na kama mahaddaci, yana kama liman, yana kama fasto, yana kama mai tsayuwar dare. Ya tabbata daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Neman maganin yana cikin tawakkali. A ci gaba da addu'a, a karanta masa Alƙur'ani, a raka shi sallah cikin jam'i, a kuma kai shi asibiti. Ba sa cin karo.

Batun ɗauri da hayaƙi kuwa, don Allah a bari. Har yaushe za mu ci gaba da sa wa marasa lafiya mari? Ƙarfen na cin idon sawu ya zama gyambo. Hayaƙin barkono da tarkacen itatuwa na toshe numfashi, mai asma yana iya mutuwa a wurin. Bulala da hana abinci ba sa fitar da komai daga jikin mutum. Yaron da ya riga ya ɗauka shi kaya ne a wuyan iyayensa, idan aka ɗaure shi a gaban jama'a an tabbatar masa da abin da yake zato. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta hana azabtarwa da wulaƙanta masu irin wannan lalura.

Ku fara da babban asibitin Misau. Idan da buƙata za su tura ku asibitin tarayya da ke Azare ko asibitin koyarwa na Bauchi. Kada ku wuce makon nan, kuma idan ya amsa ɗaya daga tambayoyin ukun can, kada ku wuce yau.

An rubuta wa yayata maganin damuwa mai suna amitiriftilin. Ta sha mako guda ba ta ga sauƙi ba, kuma an ce yana kama jiki. Ta daina? (Wani matashi, Toro)

Kada ta daina. Magungunan damuwa sukan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a ga aikinsu, illolinsu kuma su ke fara zuwa: bushewar baki, yawan barci, taurin bayan gida. Ta riƙa sha da dare. Ba sa kama jiki irin na taramol ko kodin, amma bayan ta warware za ta ci gaba aƙalla wata 6, kuma likita ne zai rage mata a hankali. Maganin ya zauna a hannun wani babba a gidan, a riƙa ba ta na ranar. A makonnin farko ku ƙara kula da ita, domin ƙarfin jiki yakan riga walwala dawowa. Idan ta yi zancen mutuwa ku koma asibiti nan take.

A ƙauyenmu idan wani ya sha fiya-fiya ko maganin feshi, muna ɗura masa manja ko madara, wasu su ba shi ruwan gishiri ya yi amai. Wanne ya fi? (Wani manomi, Alkaleri)

Babu ko ɗaya, Malam. Wallahi wannan al'ada ta kashe mutanen da da an bar su an kai su asibiti da sun rayu, kuma abin takaicin shi ne masu ƙaunarsu ne ke yi musu.

Yawancin magungunan ƙwari ana narka su ne a cikin wani ruwa dangin kalanzir. Idan aka sa mutum amai, ko aka ɗura masa abu alhali hankalinsa ya fara gushewa, aman da man suna sauka cikin huhu. Huhu ba ya iya fitar da mai. Sai ya kumbura ya ruɓe, mutum ya tsira daga gubar ya mutu da ciwon huhu bayan kwanaki. Bayan haka, da yawa daga waɗannan gubobi a cikin maiƙo suke narkewa, don haka manja da madara suna iya taimaka musu su ratsa hanji da sauri. Ruwan gishiri mai kauri kuwa shi kansa guba ne, yana jawo jijjiga da lalacewar ƙwaƙwalwa, musamman ga yara. Ɗanyen ƙwai, tsamiya, toka, fitsarin saniya, duk hukuncinsu ɗaya. Sannan ga ɓata lokaci: kafin a aika gidan maƙwabci neman manja, a danne mutum, a jira a ga ko ya yi sauƙi, sa'a guda ta tafi, kuma ita ce sa'ar da ta fi tsada.

Abin yi shi ne wannan. Kada a ba shi komai ta baki. Mai taimako ya rufe hannunsa da leda, a cire masa tufafin da maganin ya zuba, a wanke fatar da ruwa da sabulu, domin gubar na shiga ta fata. Idan ya shiga ido a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti 15. A kwantar da shi a gefensa na hagu, fuska ta ɗan kalli ƙasa, don yawu da amai su zubo waje. Kada a kwantar da shi rigingine. A ɗauki kwalbar ko ledar maganin a tafi da ita a ɗaure, domin kowane iri da yadda ake maganinsa, kuma a riƙe lokacin da abin ya faru. A nemi mota ko keke napep. Idan babur kaɗai ake da shi, a sa shi tsakanin mutum biyu, na baya ya tallafe kansa.

Alamun da za ku iya gani su ne dalalar yawu, zufa sharkaf, hawaye, amai da gudawa, ƙanƙancewar ƙwayar ido, kurarin ƙirji da rawar tsoka. A asibiti akwai allurar aturofin wadda ke busar da ruwan da ke cika ƙirji, da iskar numfashi, da na'urar zuƙe majina. Waɗannan ne ke ceton rai, kuma babu su a gida. Babban asibiti za ku nufa. Idan ƙaramin asibiti ne kusa, a tsaya su yi abin da za su iya a wuce.

Ko ya tashi yana magana garau, ko ya rantse ɗan kaɗan ya sha, a kai shi. Wasu sukan farfaɗo, sannan tsakanin kwana 1 zuwa 4 tsokar numfashi ta mutu musu. Kada ku sa hannu ku ɗauke shi daga asibiti don kun ga ya zauna ya sha kunu. Kuma kafin a sallame shi ku nemi mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ya gan shi, domin wanke guba bai taɓa abin da ya sa ya sha ba.

Idan muka kai wanda ya yi yunƙuri asibiti, 'yan sanda za su kama shi? (Wata mata, Dass)

Gaskiya ne sashe na 231 na dokar finalkod, wato kundin hukunta laifuka na Arewa, ya sa yunƙurin kashe kai cikin laifuka, da ɗaurin da zai iya kai shekara guda, kuma likitoci sun daɗe suna neman a soke shi. Amma aikin asibiti magani ne, sirrin maras lafiya amana ne, kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar maras lafiya na gaggawa. Ku kai shi, ku gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha.

Matata ta haihu kwana 25 da suka wuce. Kullum kuka, ta ce ba ta iya uwa ba, jaririn zai fi jin daɗi in ba ta. Iyaye mata sun ce shagwaɓar haihuwar fari ce. (Wani magidanci, Ningi)

Ba shagwaɓa ba ce. Akwai ɗan kuka da saurin fushi da ke zuwa wa mai jego wajen kwana na 3 zuwa na 5, ya wuce da kansa kafin mako biyu. Na matarka ya zarce nan, kuma maganar da ta yi cewa zai fi jin daɗi in ba ta, zancen mutuwa ne a sakaye. Fiye da mace ɗaya cikin goma na samun irin wannan lalura bayan haihuwa. Ka kai ta asibiti a makon nan, kada a ce sai an yi arba'in. Akwai maganin da mai shayarwa ke iya sha. A sami wadda za ta riƙa karɓar jaririn da dare don ta samu barci na sa'o'i a jere, kuma kada a bar ta ita kaɗai da shi tsawon yini. Idan ta daina barci gaba ɗaya, ta fara sambatu, tana jin muryoyi ko tana cewa jaririn ba nata ba ne, wannan na gaggawa ne, a ranar za a tafi, kuma kada a tsaya turaren aljanu.

Ina aiki a sashen lafiya na ƙaramar hukumarmu. An ba mu ɗan kuɗi mu yi wayar da kai kan kashe kai. Bara tattaki muka yi da riguna da kyallaye. Me ya fi amfani? (Wani jami'in lafiya)

Na gode da wannan tambaya, Malam. Tattaki ba laifi ba ne, amma idan kuɗin ya ƙare a riguna da huluna, washegari ba abin da ya canza. Mafi muni shi ne a ce wa jama'a "ku zo asibiti", su zo su tarar ba wanda ya san abin da zai yi musu. Wanda aka mayar sau ɗaya ba ya dawowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara, kusan kashi uku cikin huɗu a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, kuma kusan ɗaya cikin biyar ta hanyar magungunan ƙwari. A jagorar da ta fitar a 2021 ta tsaya kan abu huɗu: nisanta mutane da abin da za su cutar da kansu, gyara yadda ake ba da labari, koya wa matasa jure matsala, da gano masu haɗari da wuri a bi su. Dukkansu ƙaramar hukuma na da hannu a ciki.

Da ni ne, da shagunan kayan noma zan fara. Ku bi kasuwannin mako ku rubuta duk mai sayar da maganin feshi da na ajiyar hatsi, ku tara su tare da sarkin kasuwa. A daina ɗura magani a kwalaben lemo marasa takarda. A daina sayar wa yara. Wanda ya zo yana kuka, ko a buge, ko bai san ma amfanin gonar da zai fesa ba, a ce ya turo babba. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta sanar da hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan magani a kasuwa, sai dai bibiya ita ce matsala, kuma duba-garinku na iya yin ta. Manomi ya sayi iya abin da zai fesa, ragowar ya shiga akwati mai kwaɗo a wajen ɗakin kwana, makulli a hannun mutum ɗaya. Kada a raina wannan. Yawancin masu shan guba cikin zafin rai suke yi, bayan faɗa da miji ko uba, kuma abin da ke kusa suke ɗauka. Ƙasar Siri Lanka ta haramta magungunan ƙwari mafiya haɗari, yawan kashe kai ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015.

Na biyu, ƙananan asibitoci. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutum fiye da miliyan 200, don haka jami'an lafiya na matakin farko ne za su ɗauki nauyin. Akwai tsarin horo da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar tun 2008 domin waɗanda ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba. Ku roƙi asibitin koyarwa ya turo mai horarwa. A horar da aƙalla mutum biyu a kowace cibiya, domin idan ɗaya ne, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki shi ke nan. A tabbata akwai magani a kantin cibiyar, akwai aturofin a babban asibiti, akwai lambar wanda za a kira a liƙe a bango. Ku zauna da ƙungiyar direbobi a yi tsarin ɗaukar gaggawa irin wanda ake yi wa masu naƙuda.

Na uku, mutanen da ake kai wa kuka kafin a zo wurinmu: masu unguwa, limamai, fastoci, malaman Islamiyya da na boko, ungozomomi, masu kemis, shugabannin 'yan acaba, uwayen adashi. Zaman yini ɗaya ya ishe su su koyi gane alamu, yin tambaya kai tsaye, da raka mutum asibiti da ƙafarsu. Ku nemi hakimi ya kira taron, za a fi zuwa. Ku haɗa da kwamitin raya mazaɓa. A yi magana da harshen mutanen wurin, Fulatanci ne, Sayanci ne ko Jaranci.

Ku lura da lokaci kuma. Farkon damina da bayan girbin wake su ne lokutan da guba ta fi yawa a gidaje. Makon fitar sakamakon jarrabawa lokaci ne na shiga makarantun sakandare. Auren dole, dukan mata da shaye-shaye suna cikin manyan ƙofofin wannan masifa, saboda haka kada saƙonku ya tsallake su don gudun ɓacin ran wani. A kyallayenku kada ku zana kwalbar guba ko igiya, kada ku yi barazana. Ku rubuta alamu, ku rubuta inda za a je da ranar da ake ganin marasa lafiya. Sannan kowace cibiya ta buɗe rajista marar suna: shekaru, jinsi, mazaɓa, wata. Bayan shekara za ku san inda za ku kai kuɗin gaba.

Wani ya rasu ta wannan hanya a unguwarmu, an baza hotonsa da wasiƙarsa a WhatsApp da Facebook don a wa'azantu. Daidai ne? (Wata malama, Jama'are)

Kuskure ne babba. Bayyana yadda aka yi da yaɗa hoto na jawo wasu masu rauni su kwaikwaya, kuma cin zarafin mamaci ne da iyalansa. Ki goge, ki roƙi mai kula da zauren ya goge. Ku je wa iyalan ta'aziyya, domin su ma yanzu suna cikin masu haɗari.

An sallamo ƙanena bayan ya yi yunƙuri. Ya ce ya tuba, ba zai sake ba. Mu saki jiki? (Wani ɗan kasuwa, Darazo)

Tukuna. Makonnin farko har zuwa wata uku bayan sallama su ne mafi haɗari. Ku koma asibiti cikin mako guda ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau, kuma kada ku tsallake ranar da aka ba ku saboda kasuwa. Ku fitar da maganin feshi, na ɓera da tarin ƙwayoyi daga gidan. Ya riƙa kwana ɗaki ɗaya da wani. Kada a yi masa gori, kada a mayar da shi abin nuni ga masu zuwa dubiya. Ku zauna da shi ku rubuta sunayen mutum uku da zai kira idan tunanin ya dawo, da asibitin da za a nufa, ya ajiye takardar a aljihu ko a waya. Ka riƙa tafiya da shi shago don kada ya yini a ɗaki, kuma duk 'yan kwanaki ka tambaye shi kai tsaye ko tunanin ya dawo. Idan ya ce e, ko ya daina shan magani, ko ya koma kulle kansa, ku kai shi asibiti a ranar.